Tsofaffin Motocin Soja da Masu Tayar da Su a Bakin Kasuwar Muda Lawal

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kasuwar Muda Lawal ta cikin garin Bauchi, bayan an sallame sallar asuba, tun kafin masu kayan gwari su gama kwance kwandunan tumatir da buhunan albasa, tun kafin 'yan dako su ɗora gammo, lalle ya ji wata irin murya mai kauri da take fitowa daga ƙirjin tsofaffin manyan motoci waɗanda suka kwana bisa hanya ɗauke da abincin jama'a. Mai saye ba ya kula da ita, domin hankalinsa yana kan farashin attaruhu, mai sayarwa kuwa yana lissafin kwandon da ya ruɓe a hanya. Amma akwai waɗansu mutane ƙalilan a gefen kasuwar, masu tufafin da baƙin mai ya rine, waɗanda da jin wannan murya daga nesa za su gaya maka irin motar, da kimanin shekarunta, da ciwon da ke damunta, kamar yadda gwanin alaramma yakan gane inda almajiri ya yi tuntuɓe a karatu ko da shi yana cikin zaure, yaron yana waje.

Abin mamaki, mutumin da kasuwar take amsa sunansa shi kansa ɗan gareji ne. Mudashiru Babatunde Lawal, wanda aka haifa a Abeokuta a 1954, ya yi aikin kanikanci kafin ƙwallon ƙafa ta ɗauke shi ta kai shi ƙungiyar Shooting Stars ta Badun, ya kuma kasance cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya kofin Afirka a Ikko a 1980, inda ya jefa ɗaya daga cikin ƙwallaye ukun da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe, Allah ya yi masa rasuwa a 1991. Saboda haka in an ga kanikawa sun raɓe a inuwar kasuwar da ke ɗauke da sunansa, ba baƙi ba ne a wurin.

Abin da ya sa na tsaya a wajen waɗannan bayin Allah, alhali da niyyar sayen doya na fito, wani al'amari ne da na daɗe ina nazari a kansa game da mutanen Turai da Amurka. A can akwai jama'a masu yawa, cikinsu da likita da lauya da manomi da tsohon ma'aikacin gidan waya, waɗanda ba su da abin shaƙatawa a ranakun hutu illa su sayi gawar motar soja wadda ta shekara hamsin ko sittin tana ruɓewa a bayan wata gona, su jawo ta gida, su kwance ta har ƙusar ƙarshe, su share shekara uku ko biyar suna kankare tsatsa da cigiyar kayan gyara, har ranar da za ta tashi ta yi tafiya kamar yadda ta fito daga masana'anta. Ba haya za su yi da ita ba. Muradinsu kawai a gan ta, a ji ƙararta. Suna da ƙungiyoyi, irin su Military Vehicle Trust ta Ingila da wata takwararta da aka kafa a Amurka a 1976, kuma an yi shekaru masu yawa ana wani babban taro a Beltring cikin lardin Kent, inda motocin yaƙi na da sukan taru da dubbansu. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne yawan abin da aka ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, domin ƙaramar motar nan jif kaɗai, kamfanonin Willys da Ford sun ƙera wajen 640,000, babbar motar GMC mai ƙafa goma kuwa ta haura rabin miliyan, don haka har yau ba a rasa ragowarsu a kango. A gidan tarihin tankokin yaƙi na Bovington ma akwai wata tankar Jamus mai suna Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, aka yi shekaru ana gyaranta, yanzu kuwa takan fito fili ta yi tafiya da ƙafarta mutane suna kallo.

Mai irin wannan sha'awa damuwarsa ita ce asali. Yana iya yin wata shida yana neman ainihin launin koren fentin da aka shafa wa motar a shekarar da aka ƙera ta, yana gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a kundin kamfani, kamar malamin da ya tara kwafi uku na tsohon littafi yana tahakiki a kan wasali ɗaya. Da farko na ɗauki wannan a matsayin almubazzaranci na wanda cikinsa ya cika. Daga baya na sassauta hukuncina, kuma bakaniken da zan ba da labarinsa shi ne sanadi.

Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahohin ɗan Adam kashi uku: akwai larura, wadda in babu ita rayuwa ta lalace, akwai bukata, wadda in babu ita a sha wahala amma ba a halaka ba, akwai kuma tahsini, wato abin ƙawa da kyautatawa. To, motar Baturen Kent tana cikin kashi na uku, motar da ke kawo albasa Muda Lawal kuwa tana cikin na farko, domin ran da ta kwanta, tukunyar direba da ta yaron mota da ta mai ita duk sun kwanta tare da ita. Amma in ka bar niyya ka dubi hannu, za ka tarar aikin ɗaya ne, sifanar ɗaya ce, tsatsar ma ɗaya ce, sai dai shi Bature yana da littafin kamfani da kuɗin fansho da lokaci, namu kuwa yana da kunne da haƙuri da mai mota a tsaye a kansa yana tambayar yaushe za a gama.

Motar da na tarar an buɗe wa ciki Marsandi ce mai gajeren hanci, irin wadda direbobi ke kira nain-ilabin saboda lambar 911 da ke jikinta, dangin motocin da Jamus ta fara ƙerawa a 1959, ta ci gaba da ƙera su domin ƙasashen waje har cikin shekarun 1990. Injinta kuwa shi ne OM 352, mai silinda shida, wanda ya fito a 1964, kuma yana da wuya a sami tsohon bakaniken manyan motoci a Arewa wanda bai taɓa sa hannu a cikinsa ba. An jawo ta ne daga hanyar Ningi bayan inji ya buga, domin baƙin mai ya tsiyaye cikin dare direba bai ankara ba. Maigidan garejin dattijo ne mai furfura, siriri, ba mai yawan magana ba, ya sa yaransa sun sauke injin da sarƙa daga jikin wani ƙarfe mai ƙafa uku, sun shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa, an jera kayan ciki bisa tartibi, fistin na ɗaya har zuwa na shida, kowanne da nasa noti a gefensa, babu wanda aka yarda ya shiga layin ɗan'uwansa. Da wani ƙaramin yaro ya zo wucewa ya shuri ɗaya da ƙafa, dattijon bai ɗaga murya ba, kallonsa kawai ya yi, yaron ya durƙusa ya mayar da shi mazauninsa, ya ce, "Oga, a yi haƙuri."

Na gaishe shi, na nemi izinin zama, ya nuna mini wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine a gindin dalbejiya. Sa'an nan ya ɗauki karanshaf ɗin, wato gatarin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda fistin ke juyawa, wanda yara biyu suka wanke da kananzir har yana ƙyalli, ya bi wuyansa da farcen babban yatsa a hankali, idonsa a rufe. A wuya na huɗu farcen ya tsaya. Ya ce, "Malam, zo ka taɓa nan." Na taɓa, ban ji kome ba. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ni nake riƙe da alƙalami shi yake riƙe da sifana. Akwai zane a wurin, siriri kamar gashi, wanda ƙarfe ya ci ƙarfe a lokacin da mai ya ƙare, kuma in aka mayar da shi haka, sabon metal ɗin da wuyan ke juyawa a cikinsa ba zai yi mako guda ba. Dole a kai shi wurin masu injin wasa su rage wuyan da rubu'in milimita, a sayo metal mai kaurin da ya dace da wannan ragi. Kuma ragin yana da iyaka, domin bayan an yi sau uku ko huɗu sai a haƙura a tafi Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a yi cigiyar wani daga cikin gawar wata mota.

A gefe guda wani saurayi yana wasa bawul. Ya shafa wa bakin bawul ɗin wani maiƙo mai yashi-yashi, ya manna masa sanda mai roba a baki, yana murza sandar tsakanin tafukan hannunsa daidai yadda mace ke murza maburgi a tukunyar miyar kuka, yana ɗagawa yana saukewa, har sai bakin bawul da mazauninsa sun haɗu babu ƙofar da iska za ta bi. Bawul goma sha biyu ne, kowanne kuwa yana cin lokacinsa. Dattijon ya bayyana mini dalili da kalmomi kaɗan: injin dizal ba shi da fulogi, ba shi da tartsatsin wuta, iska yake matsewa har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko sha bakwai na girmanta, ta yi zafin da in nozul ya fesa mai a cikinta sai ya kama da kansa. Saboda haka duk inda iska ta sami hanyar gudu, ta rin ɗin fistin ne ko ta bawul ko ta gaskit, ƙarfin motar ya bi ta nan ya tafi. Hayaƙi ma yana da karatu a wurinsu: shuɗi yana nufin inji yana shan baƙin mai, rin ya gaji; baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, a duba nozul ko matatar iska; fari mai yawa wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi kuwa, a ji tsoron ruwan lagireto ya sami hanyar shiga inda ba a gayyace shi ba.

Ina cikin zagaya motar sai na lura da wani wuri a ƙofar direba inda fenti ya ɓare. A sama shuɗi ne, da zanen dawisu da rubutun addu'a irin na masu bodin katako. A ƙarƙashinsa rawaya. Can ƙasa kuwa, a jikin ƙarfe, kore ne mai duhu marar ƙyalli. Na nuna wa dattijon, sai ya ja ni bayan motar ya nuna mini wata ƙugiyar ƙarfe mai kauri a ƙarshen shasi, ya kuma sa na leƙa ƙarƙashi na ga tana ja da ƙafafun gaba da na baya duka. Ya ce ta soja ce, mahaifin mai ita ya saye ta a gwanjo tun shi dattijon yana yaron gareji, kuma wannan ne karo na uku da ya sauke injinta da hannunsa. Da Baturen Kent zai ga wannan kore, da ya kankare dawisun nan da addu'ar duka don ya komar da ita yadda take a bariki. Ni kuwa a ganina dawisun ma tarihi ne, domin shekarun da ta yi tana ɗaukar albasa sun ninka waɗanda ta yi tana ɗaukar soja.

Dangantakar soja da sana'ar mota a ƙasar nan tsohuwa ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama, soja ta koya wa da yawa daga cikinsu tuƙi da gyaran inji, kuma da aka sallame su bayan yaƙi, wannan ilmi ne jarin da waɗansunsu suka dawo da shi, suka zama direbobin En'e da na 'yan kasuwa a zamanin da gyada da auduga ke neman hanyar zuwa tashar jirgin ƙasa, shi kuwa jirgin bai iso Bauchi ba sai 1961, ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Motar wancan zamani ita ce Bedford ta Ingila, wadda sojan Ingila suka yi amfani da ita tun daga QL ta lokacin yaƙi har RL da ta fito a 1953, 'yar'uwarta ta farar hula kuwa ta cika hanyoyinmu da bodin katako. Alhazan da suka bi ta ƙasa za su tuna cewa a Sudan ma haka abin yake, har maƙeran can suka karɓe ta suka sake mata ƙira, suka ƙarfafa shasinta ta ɗauki ninkin abin da Bature ya ƙaddara mata, suka raɗa mata suna Sifinja, suka ci gaba da raya ta shekaru da yawa bayan kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a cikin shekarun 1980. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara yawan motoci da masu tuƙa su, kuma mai son ganin abin da larura ke sa bakanike ya ƙirƙira sai ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ya ga motocin sulken da mutanen Biyafara suka harhaɗa da abin da ya sawwaƙa a hannunsu.

Amma Bauchi tana da nata babi na musamman, wanda ya sa wannan magana ta fi dacewa da ita a kan sauran garuruwa. A cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya cika baitulmali, gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Marsandi a Inugu, Fiat a Kano, sa'an nan Steyr ta ƙasar Ostiriya a nan Bauchi, wadda ta fara aiki a 1979, shekara uku bayan an ƙirƙiri jihar, tana harhaɗa manyan motoci da taraktocin noma. Sojan Nijeriya ma sun sayi motocin wannan kamfani, har da masu sulke na ɗaukar dakaru, aka kuma gina masana'antar motoci na musamman ta soja a garin, ga makarantar motocin sulke a Barikin Obienu, ga rundunar manyan bindigogi a Shadawanka. Ke nan akwai zamanin da yaron Bauchi zai iya tashi daga unguwarsu da safe a kan keke, ya yini yana ɗaura inji a kan sabon shasi, ya komo gida da la'asar. Sai dai kayan da ake harhaɗawa daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, don haka da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, sai farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin masu saye, kasuwa ta koma ga kwancen Turai da ake kira Beljiyam, masana'antun suka yi ta ja da baya ɗaya bayan ɗaya, daga bisani gwamnati ta sayar da hannun jarinta.

Akwai wani juyi na ƙaddara a cikin wannan labari wanda nakan tuna duk lokacin da wata sabuwar tifa ta wuce ni. A 1983 ƙasar Sin ta sayi izinin ƙera manyan motocin Steyr a gida, ta riƙe wannan ilmi, ta gina masana'antu a kansa, har ya zama tushen injin WD615 da ke cikin da yawa daga motocin Howo waɗanda yanzu suka cika hanyar Jos da ta Gombe ɗauke da siminti da yashi. Sashen manyan motoci na Steyr a can Ostiriya ma kamfanin MAN na Jamus ya saye shi tuntuni. Wato jinin motar da aka taɓa harhaɗawa a Bauchi ya zagaya ta Sin ya komo Bauchi, sai dai wannan karon da takardar kwastan. Mu da su malami ɗaya ya ba mu karatu, kusan a lokaci ɗaya, su suka haddace, mu muka bar allo a makaranta.

Kafin in koma wurin dattijon sai wata ƙara ta ja ni lungun masu niƙa, ƙara mai natsuwa, tum, tum, tum, kamar dakan mace ɗaya wadda ba ta sauri. Injin Lister ne, ko kuwa in faɗi gaskiya jikansa ne, domin ainihin kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila, wanda aka kafa a 1867, ya fito da wannan inji mai silinda ɗaya wajen 1929, ya daina ƙera shi a shekarun 1980, amma maƙeran Rajkot na Indiya suka ci gaba da zuba irinsa har yau. Ƙarfinsa na doki shida ne kacal, yana juyi 650 a minti guda, da manyan faya-fayan ƙarfe biyu masu nauyi a gefensa, da gangar ruwa a kansa don sanyaya shi. Ba ya bukatar batir: mai niƙa zai ɗaga ɗan maƙunnin da ke sakin iska, ya wana hannu har faifan ya ɗauki gudu, sa'an nan ya sauke maƙunnin, inji ya yi tari ya kama. A Ingila irin wannan inji ne dattawa ke gogewa su yi masa fenti su kai shi wurin baje koli, su zauna a kujera suna kallonsa yana ɗaga ruwa daga bokiti yana mayarwa cikin bokitin. A nan kuwa ya yi fari fat da garin masara, an ɗaure bel ɗinsa da waya, 'yan mata sun yi layi da ƙwarya a gabansa.

Ibn Haldun ya yi bayani a cikin Muƙaddima cewa sana'a malaka ce da take zama a jiki ta hanyar maimaitawa a gaban malami, tana bunƙasa inda birni ya bunƙasa ake bukatarta, tana kuma gushewa in bukatar ta gushe. Na ga gaskiyar wannan a garejin. Dattijon ya lissafa mini silsilarsa kamar mai karanta isnadi: shi ya koya a wurin wani mutumin Jos, shi kuma a wurin wani tsohon sojan Bama. Babu takarda, babu ijaza, illa ranar da ubangida zai yi wa yaro walimar 'yanci ya ba shi akwatin sifana. Amma yaran yanzu, in ji shi, sun fi son gyaran babur da Keke Napep, domin kuɗinsu a hannu ne kafin azahar, sauke injin babbar mota kuwa sai mako biyu. Sababbin motoci ma ba sa magana da kunne, sai an jona musu kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma abin da ya lalace a cikinsu ba a gyara shi, canzawa ake yi. A nan ne na gane amfanin mai sha'awar nan na Turai wanda na yi wa kallon almubazzari: shi ne yake riƙe da ilmi bayan kasuwa ta sake shi. Fuƙaha'u sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu a cikin farillan kifaya, waɗanda in waɗansu sun tsaya da su an ɗauke wa saura. Ban ce ajiye tsohuwar mota ya kai wannan matsayi ba, amma a garin da ke da attajirai masu ajiye dawakin hawan salla suna ciyar da su shekara guda saboda kwana biyu, ba zai zama abin kunya ba wani ya ajiye Steyr ɗaya ƙirar Bauchi, da tarakta ɗaya, da Bedford ɗaya mai bodin katako, ya ɗauki dattijo irin wannan ya riƙa tayar da su ranar Juma'a yara suna kallo.

Bayan kwana goma sha ɗaya na koma, na yi sa'a ranar za a tayar da ita. An mayar da injin mazauninsa, an ɗaure notocin kan silinda daga tsakiya zuwa gefe bisa ƙa'ida, an aro batir biyu daga wata DAF da ke jiran lodi. Dattijon ya sa yaro ya sassauta bututun mai a bakin nozul, wani yana danna ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, mai zalla ya biyo baya, wato an cire iska. Direban ya hau, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. Mai motar, wanda ya ci bashin kuɗin rin da metal, ya cire hularsa ya mayar. A karo na uku ta yi tari sau biyu, ta tofar da farin hayaƙi har masu lemo suka kare hanci, sa'an nan ta kama, hayaƙin ya yi ta raguwa har ya koma siriri. Yaran suka yi sowa. Dattijon bai ce kome ba, sai ya ɗauki dogon sukuddireba ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya bi silinda shida ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a ta huɗu, sa'an nan ya miƙe ya ce wa direban, "Ɗan nan, kada ka ba ta wuta sosai sai ta yi mako guda, kuma ka duba mai kafin ka duba kuɗin lodi." Direban ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."

A bayan garejin kuwa, inda ban kula ba a zuwana na farko, 'yan gwangwan sun kafa sikeli, suna yanka shasin wata Bedford da wutar walda gunduwa-gunduwa, za a loda wa tirela a kai kamfanin narka ƙarfe a mayar da ita rodin gini. A jikin abin da ya rage na gidan direba na hangi ɗan allon nan da kamfani ke mannawa, mai lambar shasi da sunan garin da aka ƙera ta, na roƙi shugabansu ya ɓamɓaro mini shi. Ya sa kurfi ya fitar da shi, ya juya shi a hannu, ya ce, "Alhaji, wannan sanholo ne, kuɗinsa daban da na baƙin ƙarfe." Ya ɗora shi a ƙaramin sikeli, allurar ko motsi ba ta yi ba, muka yi ciniki, na biya shi kuɗin kofin shayi, na sa allon a aljihun gaba, na tafi neman doyar da aka aike ni tun makon jiya.